Wane ne ma'aikaci? Tambayoyi da amsoshi ga mutanen zangon Kumasi

A Aboabo ko Asawase, in ka ce "wane ma'aikaci ne", abin da mutane ke ji shi ne mai zuwa ofis yana karɓar albashi a banki. Mahauci, tela, direban trotro (ƙaramar bas ta haya) da mai gadi ba sa sa kansu a ciki. Wannan fahimtar tana sa mutane barin haƙƙin da doka ta ba su, tana kuma sa wasu neman haƙƙin da ba su da shi.

Da aka ce "ajin ma'aikata", su wa ake nufi?

Mutanen da ba su da abin dogaro sai ƙarfinsu da gwanintarsu, suna sayar da su ga wani don su ci abinci. Ma'aunin da ya fi daɗewa shi ne wanda aka sani da Karl Marx: a duba wa ya mallaki kayan aikin, wato mota, injin, shago, gona ko jari. Wanda ya mallaka yana cin riba, wanda bai mallaka ba yana cin lada.

A aikace tambaya uku ke warware yawancin lamarin. Kayan aikin na wa ne? Wa ke faɗin lokacin zuwa, lokacin tashi da yadda za a yi aikin? In mutum ya kwanta ciwo wata guda, akwai kuɗin da zai ci gaba da shigo masa? Wanda kayan ba nasa ba, umarni ba nasa ba, kuma ranar da bai fita ba tukunya ba ta hau wuta ba, yana tsakiyar ajin ma'aikata ko da bai taɓa sa hannu a takardar albashi ba. Dubi leburorin da ke taruwa bakin titi bayan sallar asuba, kowa da shebur, diga da kwanon ɗaukar kankare, suna jiran mai gini ya tsaya da mota ya zaɓi huɗu ya bar goma. Babu wanda ya fi su cancantar sunan.

Ashe ba talaka ake nufi ba ke nan?

A'a. "Talaka" a asalinta kishiyar basarake ce, wanda ba ya riƙe da sarauta. Da wannan ma'anar jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi amfani da ita a Kano tun 1950. Daga baya ta ɗauki ma'anar marar hali. Shi kuwa aji ana auna shi da matsayin mutum a wurin aiki. Mai tuƙa babban injin a ma'adinan zinariya na Obuasi zai iya samun abin da ya ninka na mai ƙaramin shago a Alabar, amma shi ma'aikaci ne, mai shagon kuwa ɗan kasuwa ne. Yawancin ma'aikatanmu talakawa ne, gaskiya ne, sai dai kalmomin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Me dokar Ghana ta ce?

Dokar ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta ce ma'aikaci shi ne wanda aka ɗauka bisa yarjejeniyar aiki, ko na dindindin ne, ko na wani ɓangaren lokaci, ko na wucin gadi, ko na yini-yini. Ta shafi kowa ban da sojoji, 'yan sanda, ma'aikatan gidan yari da hukumomin tsaro da leƙen asiri, waɗanda ke da nasu dokokin.

Wanda ya shiga wannan ma'anar yana da awa 8 a yini ko awa 40 a mako, hutun awa 48 a jere kowane mako, da hutun shekara na aƙalla ranakun aiki 15 da cikakken albashi. Mace tana da hutun haihuwa na aƙalla mako 12, da ƙarin mako 2 in tagwaye ne ko haihuwar ta zo da tangarɗa, da awa guda kullum ta shayarwa har jaririn ya shekara. Haka kuma ba a biyan kowa ƙasa da mafi ƙarancin ladan yini, wanda kwamitin gwamnati, masu ɗaukar aiki da ƙungiyoyin ƙwadago ke yankewa. A 2024 sidi 18.15 ne, a 2025 ya koma sidi 19.97. Ana sake shi kusan kowace shekara, saboda haka a riƙa tambayar na yanzu.

A lura, da'irar doka ta fi da'irar aji ƙanƙanta. Akwai dubban mutane da ke rayuwar ma'aikata sak amma ba su da wani takamaiman ubangida da za a kama da laifi. Kusan duk rikicin da ke cikin tambayoyin da ke tafe daga nan ya taso.

Maigidana bai ba ni takarda ba, da baki muka yi magana. Ina cikin dokar?

Kana ciki, ɗan'uwa. Yarjejeniyar baka yarjejeniya ce. Dokar ta ce aikin da zai kai wata 6 ko fiye dole a rubuta shi, kuma cikin wata 2 da farawa a ba ma'aikaci takardar da ke bayyana sharuɗɗan aikinsa. Nauyin rubutawar yana kan mai ɗaukar aiki, rashin yinta kuwa bai mayar da kai ba ma'aikaci ba.

Inda ake faɗuwa shi ne hujja. Ranar da aka yi saɓani, sai maigida ya ce taimaka masa kawai kake yi. Don haka ka tanadi shaida tun ana zaman lafiya. Ka nemi a riƙa turo maka kuɗinka ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, domin saƙon yana ɗauke da suna, adadi da kwanan wata. Ka sayi ƙaramin littafi kana rubuta ranar da ka fara, lokacin zuwa da tashi, da duk abin da aka ba ka. Kada ka goge saƙonnin WhatsApp da ake ba ka umarni a ciki. In akwai riga ko katin shaida na wurin aikin, ka ɗauki hotonsu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a shawararta mai lamba 198 ta 2006, ta ce a duba abin da ke faruwa a zahiri fiye da sunan da aka laƙaba wa aikin. Zahirin kuwa sai an nuna shi.

Kamfani yana sallamarmu duk wata biyar, bayan mako biyu ya sake ɗaukarmu. Me ya sa?

Saboda wata 6. Dokar ta raba iri biyu. Ma'aikacin yini-yini shi ne wanda aikinsa na lokaci-lokaci ne ko na kaka, bai wuce wata 6 a jere ba, kuma ana lissafa ladansa a kan yini. Na wucin gadi kuwa shi ne wanda ya yi aƙalla wata guda a jere amma ba a tabbatar da shi ba. Da zarar na wucin gadi ya cika wata 6 a jere wurin mutum ɗaya, doka ta ce a ɗauke shi kamar na dindindin. Sallamar wata biyar dabara ce ta katse wannan lissafin, domin kariyar da doka ta yi game da korar zalunci da kuɗin rage ma'aikata ba ta kai ga na yini-yini ba.

Duk da haka na yini-yini ba bora ba ne. Ana biyansa daidai da na dindindin in aikin iri ɗaya ne, ana biyansa awannin ƙari, yana da damar maganin da ake ba sauran ma'aikatan wurin, kuma in ya zo aiki ruwan sama ya hana a yi, ladan yinin nan ya halatta gare shi. Masu aikin gini su riƙe wannan na ƙarshen, don a daminar Kumasi ba ƙaramin kuɗi ba ne. Lissafin wata ga wanda ba ya aiki duk kwana bakwai na mako shi ne ladan yini sau 27. A farashin 2025, 19.97 sau 27 ya ba da sidi 539.19.

Direban trotro da yaron motarsa fa? Da mai aboboyaa, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya?

A nan sai an bi a hankali, don mota ɗaya tana ɗauke da matsayi uku.

Mai motar da ke zaune a gida ana kawo masa kuɗin yini mai jari ne. Direban da ke tuƙa motar wani, ya fitar da kuɗin mai mota tukuna, ya sayi mai, ya sallami tasha, ya biya yaron mota, sannan abin da ya rage ya zama nasa, ma'aikaci ne a ma'aunin aji, har ma ya fi mai albashi shan wuya. Hasarar ranar da babu fasinja a kansa take, motar kuwa ba tasa ba ce, ana iya karɓe makulli yau da dare. Yaron mota yana ƙasa da shi, kuma sau da yawa direba ne ya ɗauko shi, mai motar ko sunansa bai sani ba. In ya faɗo daga ƙofa ya karye, nan take ake fara musun wa ke da alhakinsa.

Mai tsarin "yi aiki ka biya", wanda ke biyan kuɗin aboboyaa, pragya (mai ƙafa uku na fasinja) ko tasi mako-mako har ta zama tasa, yana tsakani. Kafin ya gama biya, abin hawan na mai shi ne. Yarjejeniyar ta fayyace abu huɗu a rubuce: jimillar kuɗin da yawan makonni, wa ke gyaran babbar ɓarna kamar injin, yaya za a lissafa makon da abin hawan ya kwana a gareji, da kuma makomar abin da aka riga aka biya in an rabu kafin ƙarshe. Na huɗun ne ya fi jefa matasa cikin hasara, don in ba a rubuta ba, mutum zai biya wata goma sha biyar a karɓe mota a ce duk haya ce ya biya.

Masana ƙididdigar aiki na duniya sun ƙirƙiro wa irin waɗannan rukuni a 2018: wanda a takarda mai zaman kansa ne, amma farashinsa da hanyar samun aikinsa suna hannun wani. Direbobin Uber da Bolt su ne misalin da aka fi kawowa. Ƙungiyar direbobi ta GPRTU kuma, wadda ke ƙarƙashin babbar ƙungiyar ƙwadago ta TUC, ta haɗa masu mota da direbobi a inuwa ɗaya, shi ya sa ta fi ƙarfi a maganar kuɗin mota da harkar tasha, ba a saɓanin direba da ubangidansa ba.

Ni waakye nake sayarwa, jarin nawa ne. Wane aji nake?

Hajiya, ya danganta da girman tukunyar. In ke kaɗai ce, ke ce tashin ƙarfe uku na dare ki hura wuta, ke ce dafawa, ke ce zama bakin tebur, cinikin yau shi ne shinkafa da waken gobe, to a doka ba ma'aikaciya ba ce ke, don babu wanda ya ɗauke ki. Amma rayuwarki hannu baka hannu ƙwarya ce irin ta ma'aikata, kuma a ganinmu duk ma'anar da ta fitar da ke daga sahun masu cin guminsu ba ta dace da Ghana ba, ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna wajen mutum uku cikin kowane huɗu masu aiki suna sana'o'in da ba su da rajista. TUC ita ma ta gane haka, shi ya sa ta buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin masu irin waɗannan sana'o'i ta hanyar haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu mai suna UNIWA.

In kuwa kina da 'yan mata uku, ɗaya na wanke-wanke, ɗaya na soya kifi, ɗaya na zuba wa masu saye, kina biyansu da yamma, to kin zama mai ɗaukar aiki. Su ne ma'aikatan, nauyin da doka ta ɗora wa kamfani game da mafi ƙarancin lada ya hau kanki gwargwado. Abincin da suke ci a wurin alheri ne, ba ya zama madadin lada, domin doka ta ce a biya lada da kuɗi. Kuma ba a cin ma'aikaci tara daga ladansa.

Na kai ɗana koyon kanikanci a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Ma'aikaci ne?

Mai koyo ne, kuma dokar yara ta 1998, mai lamba 560, ita ta tsara lamarinsa: ba a fara koyon sana'a sai an kai shekara 15 ko an gama karatun matakin farko na dole. Masta yana da nauyin koyarwa da gaske, da kula da lafiyar yaron a wurin aiki, da ba shi shaidar yaye in ya gama. Kuɗin abincin da ake ba shi ba albashi ba ne.

Ɓarnar tana zuwa ne in lokacin yaye ya wuce. Yaro ya iya sauke giyabos shi kaɗai, kwastoma na biyan cikakken kuɗi, amma ana ce masa har yanzu bai ƙware ba. Daga wannan lokacin aikin ma'aikaci yake yi ba lada. Baba, ranar da za ka kai goro da kuɗin shiga, ka sa a faɗi shekarun koyo a gaban shaidu, a rubuta, tare da abin da za a biya ranar yaye.

Kayayei da 'yan aikin gida?

Kalmar kanta rabinta tamu ce: "kaya" na Hausa da "yoo", mace a harshen Ga. Yarinyar da ke bin masu saye da kwano a kasuwar Kejetia ba ta da ubangida ɗaya, don haka dokar ƙwadago ba ta da wanda za ta kama, ko da yake ita ce ƙasan ajin ma'aikata. In kuwa shago ɗaya take wa dako kullum, mai shagon ke faɗa mata lokacin zuwa, to alaƙar aiki ta ƙullu. Dokar yara ta sa ɗaukar kaya masu nauyi cikin ayyukan haɗari da aka hana wa wanda bai kai 18 ba.

'Yar aikin gida ma'aikaciya ce cikakkiya. Ƙa'idar awa 8 ba ta shafe ta ba a dokar 2003, amma ƙa'idojin 2020 masu lamba 2408 sun wajabta rubutacciyar yarjejeniya da ladan da bai gaza mafi ƙaranci ba. Cewa "'yar ƙanwata ce daga arewa" ba ya canza komai in ita ke shara, wanki da raino daga asuba zuwa dare alhali 'ya'yan gida suna makaranta.

Ina tsaron shagon yayana shekara bakwai, ba albashi, sai dai yana yi mini komai.

Wannan tsohon tsari ne a zango, tun zamanin fataucin goro da shanu, lokacin da maigida ke sauke baƙi, yaransa na yi masa dillanci, shi kuma ya ciyar da su, ya yi musu aure, daga baya ya ba su jari. Tsarin ya fitar da attajirai, ba a musun wannan. Rauninsa shi ne komai ya rataya a kan alkawarin da ba a rubuta ba. In maigida ya rasu, shagon ya shiga gado, mai tsaron shago kuwa ƙila ba ya cikin magada. Doka ma ba ta taimaka sosai, don ko hutun shekara bai shafi wurin da 'yan gida kaɗai ke aiki ba. Ka nemi manya biyu su zauna da ku a yanke ɗaya cikin uku: albashi, ko kaso sananne daga riba, ko ranar sallama da adadin jari. Zumunci ya fi ɗorewa in an yi haka.

Malamin makaranta, nas da ma'aikacin banki suna ciki?

A doka duk ma'aikata ne. A ma'aunin aji ma yawancinsu suna ciki, tunda albashi ne kaɗai abin dogaronsu, farar riga ba jari ba ce. Malamin makaranta mai zaman kanta a unguwa sau da yawa bai kai birkila samu ba. Inda aka ja layi shi ne iko a kan wasu: dokar 2003 ta ware masu tsara manufa, masu yanke hukunci da manajoji daga shiga ƙungiyar ƙwadago, saboda su ke wakiltar mai kamfani. Ga sauran kuwa, mutum biyu a wurin aiki ɗaya sun isa kafa ƙungiya.

'Yan'uwanmu a Amurka da Ingila suna cewa can daban ake lissafi.

Haka ne. A Amurka masu nazarin zaɓe sun fi kiran wanda ba shi da digirin jami'a ɗan ajin ma'aikata. A Ingila an fi duba irin sana'ar mutum da ta iyayensa. Ma'aunin digiri ba zai yi aiki a nan ba, inda Alhajin da bai yi boko ba ke da tireloli, mai digiri kuma ke zaune a rumfar MoMo ta wani.

Ina ruwan wannan duka da SSNIT, hukumar fansho ta Ghana?

A nan ne ma'anar ke zama kuɗi. Bisa dokar fansho ta 2008, mai lamba 766, ana cire 5.5 cikin 100 daga ainihin albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara 13, jimilla 18.5. Daga ciki 13.5 na tafiya SSNIT, 5 na tafiya wani asusun fansho daban, wanda ake kira na mataki na biyu. In ainihin albashinka sidi 1,000 ne, za a cire maka 55, ubangida ya sa 130, SSNIT ta karɓi 135, asusu na biyu 50. Fansho na wata-wata yana buƙatar biyan aƙalla wata 180, wato shekara 15. Cikakkensa a shekara 60 ne, ragagge daga 55.

Abu biyu ke lalacewa. Na farko, a cire maka 5.5 ba a kai ba. Maganinsa ka je ofishin SSNIT da katinka na Ghana ka nemi bayanin asusunka aƙalla sau ɗaya a shekara. Na biyu, a rubuta ainihin albashi ƙarami, a mayar da sauran alawus, don fansho daga ainihin albashi ake lissafa shi.

Mai zaman kansa, tela ko mahauci ko mai waakye, yana iya yin rajista ya faɗi abin da yake samu a wata ya riƙa biyan 13.5 cikin 100 da kansa. Sai dai sabon shiga ba ya wuce shekara 45.

An kore ni ba sanarwa, an riƙe mini albashin wata biyu. Ina zan fara?

Fara da lissafi a takarda. Sanarwar da doka ta tanada ita ce wata guda in yarjejeniyar ta shekara 3 ce ko fiye, mako 2 in ba ta kai ba, kwana 7 in ta mako-mako ce, ko a biya kuɗin waɗannan kwanakin. Haɗa wannan da albashin da aka riƙe da kuɗin hutun da ba ka ci ba. Rubuta wa ubangidan takarda mai kwanan wata, ka riƙe kwafi. In kana so a fara da sulhu wurin liman, sarkin zango ko shugaban ƙungiyar sana'arku, babu laifi, sau da yawa ya fi sauri, amma abin da aka amince a rubuta shi da ranar biya, shaidu su sa hannu.

In hakan bai yi ba, sai ofishin ƙwadago na yankinku ko Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, wadda dokar 2003 ta kafa. Tana sauraron ƙarar korar zalunci, kamar korar mace don ta yi ciki ko korar mutum don ya shiga ƙungiya, kuma tana iya umartar a mayar da shi aiki ko a biya shi diyya. In rauni ka ji a bakin aiki, dokar diyyar ma'aikata ta 1987 ce ke aiki: ka sanar da ubangida nan da nan, ka je asibiti a rubuta cewa a wurin aiki abin ya faru, ka adana kowace takarda da rasit. Kada ka sa hannu a wata takardar "an sallame ni, ba na bin komai" sai wani da ka yarda da shi ya karanta maka ita, kuma kuɗin sun shiga hannunka.